Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jawabin Kwamitin Fili a Taron Cikar Ƙungiyarmu Shekara 10



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, da Mai Unguwa da ya amsa gayyatarmu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Mu biyar ɗin nan mu ne kwamitin fili. An ce mu tashi mu yi bayanin abin da ya sa filin da muka saya bara yake nan a kulle har yau, ba gini, ba rijiya. Mun san ana ta magana. An yi a gidan biki, an yi a gidan suna, har an ce wai kwamiti ya cinye kuɗin burtsatse. Ba mu ji haushi ba, don duk wadda ta zuba guminta tana da hakkin ta tambaya. To yau ga mu ga ku. Takardu da rasit duk suna hannun Malama Sakatariya, wadda take son gani da idonta ta same ta bayan an tashi.

Bari mu fara da namu laifin. Filin nan ya zo mana da araha. Ga shi a bakin titi, ga katanga, ga ƙofa. Kowa ya san tsohon gidan mai ne, mu ma mun sani. An cire famfunan, an kwashe rumfar, ciyawa ta rufe wurin. Mun duba takardun mallaka, mun kira maƙwabta an nuna iyaka, mun bincika ko akwai rigimar gado. Tambaya ɗaya ce ba mu yi ba: ina tankunan da ake zuba man? Saman ƙasa muka duba, ba mu tambayi abin da ke cikinta ba. Wannan kuskurenmu ne, kuma muna neman afuwarku.

Kun san burin da muka ci a kan filin. Injin matse man gyaɗa a gaba, rumfar suyar ƙuli-ƙuli a gefe, burtsatse a baya da za mu riƙa aiki da ruwanta muna kuma sayar wa 'yan garuwa, sai ɗan lambun zogale da alayyafo. Duk abin da muka lissafa, ruwa ne ginshiƙinsa.

Ranar da muka kai masu haƙa burtsatse su ga wuri, rana ta yi zafi, sai wata gwaggo da gidanta ke bayan katangarmu ta aiko mana da ruwa a kwanon sha. Ma'ajiyarmu ta kai baki, sai ta tsaya. Ta miƙa wa ta kusa da ita ta ce, "Shinshina ki ji." Warin kananzir. Muka shiga muka gaishe da gwaggon, muka tambaye ta. Sai ta ce, "Ai 'ya'yana, haka rijiyar nan take tun da daɗewa, da damina ma ya fi. Mukan bar shi ya kwana a randa, warin ya ragu, mu sha." A tsakar gidan nan akwai jikokinta, har da na goye. Muka fito jikinmu a sanyaye. Ruwa dai ba ya tsami banza.

A ranar muka ce wa masu haƙa su dakata. Ɗan wata daga cikinmu da ke karatun ilimin ƙasa a jami'a ya ce kada a soka ko da sanda a filin sai an yi gwaji, kuma kafin gwajin a nemi tarihin wurin. Muka nemo wani dattijo da ya yi gadi a gidan man shekaru da yawa. Baba ya zagaya da mu, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce tankuna uku suna nan a binne, biyu na fetur, ɗaya na kananzir, ba a taɓa tono su ba. Sai ya ƙara da wata magana da ta tsaya mana a rai. Ya ce a shekarun ƙarshe, kullum da safe in aka zura sandar awo sai a ga man ya ragu. Aka yi ta zargin yaran da ke sayarwa da sata, har aka kori wasu. Ya ce shi dai a ƙofa yake kwana, bai taɓa ganin an fita da jarka ba. To ina man yake tafiya? Ƙasa yake sha.

Ga yadda abin yake faruwa, kamar yadda injiniyan da muka ɗauka ya yi mana bayani. Tankin ƙarfe in ya daɗe a cikin ƙasa mai laima, tsatsa take cinsa. Huda kamar ta allura ta isa, ko a jikin tankin ko a mahaɗar bututu. Man sai ya riƙa ɗiga dare da rana, ya ratsa ƙasa har ya kai ga ruwa. Shi ruwan ƙarƙashin ƙasa ba tafki ba ne, yana maƙale ne a tsakanin yashi da tsagar dutse, kamar ruwa a cikin soso, yana kuma tafiya a hankali zuwa gangare. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, don haka sai ya kwanta a samansa, kamar yadda man gyaɗa yake tasowa a kan miya. Amma wani ɓangarensa yana narkewa ya bi ruwan duk inda ya nufa. Ruwa kuwa bai san katanga ba, bai san iyakar fili ba. Da damina ruwan yakan taso ya haɗu da man da ya maƙale a ƙasa, shi ya sa gwaggo ta ce warin ya fi da damina. Ashe ta daɗe da gano abin da na'ura ta zo ta tabbatar.

A cikin abubuwan da ke narkewa ɗin akwai wani sinadari, sunansa benzin. Ku riƙe sunan nan. Masana sun tabbatar yana cikin abubuwan da ke jawo kansa. In ya daɗe yana shiga jiki yakan taɓa ɓargo, inda ake yin jini, ya jawo ƙarancin jini, wani lokaci har kansar jini. Ba muna cewa duk wanda ya sha zai kamu ba ne, a'a. Haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan abin da aka sha da kuma tsawon shekarun da aka yi ana sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: kada ya wuce maikrogiram 10 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Mun ce wa injiniya ya faɗa mana da awon da muka sani. Ya yi lissafi ya ce, ƙaramin cokalin shayi ɗaya na benzin ya isa ya kai ruwa lita 440,000 ga wannan iyaka. Wato tankar mota mai cin lita 33,000 har guda 13. Cokali ɗaya fa! Kuma a wannan awo hanci ba ya jin sa. Ruwa zai iya zama garau, ba wari, ba ɗanɗano, amma ya haura iyaka.

Ba a kanmu aka fara ba. A watan Agusta na 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. Sun gwada samfuri sama da 4,000 na ƙasa da ruwa, sun haƙa rijiyoyin gwaji 142. A wani gari mai suna Nisisioken Ogale, kusa da bututun mai, sun tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan da rijiyoyin mutane ke ja, benzin ɗin da ke ciki ya ninka iyakar Hukumar Lafiya sau fiye da 900. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Amurka ma da kuke ji, sai a 1988 ta kafa ƙa'idojin tankunan da ake binnewa, kuma zuwa yanzu sun tabbatar da yoyo sama da 500,000. Namu ƙarami ne ƙwarai in aka kwatanta, amma ciwon iri ɗaya ne.

Yanzu ga yadda aka yi gwajin, don ku san inda kuɗinku ya shiga. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ya lashe ribar man gyaɗarmu ta wata huɗu, kuma da amincewar shugabanni aka fitar.

Da farko an zo da na'urar gano ƙarfe aka tabbatar da inda tankunan suke. Daidai inda Baba ya buga sanda, nan aka same su. Daga nan aka huda ƙasa a wurare da dama, a gaba, a tsakiya, da kewayen tankunan, ana ɗibar ƙasa daga sama, daga tsakiya, har zuwa inda ta fara jiƙa. Kowace aka ɗebo sai a kara mata wata 'yar na'ura mai shinshinar tururin mai. A gaban fili shiru take yi. Da aka iso bayan tanki na biyu ba mu ma buƙaci na'ura ba: ƙasar da muka sani ja ta fito toka-toka, tana wari.

Sai aka haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji guda uku. Muka ce, me ya sa uku, ɗaya ba ta isa ba? Injiniya ya ce, "Hajiya, tukunya tana zama a kan dutse ɗaya?" Kamar duwatsun murhu aka jera su. In aka auna tsayin ruwa a duk ukun, sai a gane ta ina ya fi tudu, ta ina ya gangara. Aka auna, sai ga shi ruwan yana tafiya ne daga wajen tankunan zuwa bayan katanga. Wato gidan gwaggo.

Ɗibar ruwan ma da ƙa'idarta. Ba a robar lemo ake zubawa ba, a 'yar kwalbar gilashi ce, a cika ta maƙil ba a bar ko kumfar iska ba, don benzin yana gudu cikin iska. A rufe, a rubuta wuri da rana, a sa cikin kula da ƙanƙara, a kai ɗakin gwaje-gwaje da wuri. Biyu daga cikinmu suna tsaye aka yi komai, suka sa hannu. Mun kuma raba samfurin gida biyu, muka aika ɗakunan gwaji biyu da ba su san juna ba. An ɗiba da rani, aka sake ɗiba da damina, don awo ɗaya ba ya nuna gaskiyar shekara. Wannan ne ya ja mana lokaci, ba cin kuɗi ba.

To ga sakamako, ba ƙari ba ragi.

Ƙasar gaban fili, wajen titi, lafiyarta lau. Ƙasar kewayen tankuna biyu ta sha mai har zuwa kan ruwa. Rijiyar gwaji ta baya ta haura iyakar benzin, da rani da damina. A cikin rijiyoyin maƙwabta uku da suka yarda aka gwada, ta gwaggo ta haura, sauran biyun ba su kai ba, amma an ce a ci gaba da sa musu ido. Sannan a lungun da ake juye baƙin mai a dā an sami dalma a ƙasar sama. Kun san dā can ana zuba dalma a fetur. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka gama dainawa, a duniya kuwa Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021. Fetur yakan ruɓe a ƙasa a hankali, amma dalma ba ta ruɓewa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Can ma maganin da aka yi shi ne kankare ƙasar sama a kwashe ta. A wannan lungun fa muka so shuka alayyafo.

Da mun haƙa burtsatsen nan, da abu biyu sun faru. Ramin da kansa zai iya zama hanyar da gurɓataccen ruwan sama zai bi ya sauka ga na ƙasa mai kyau, in ba a toshe kewayen bututun da siminti yadda ya kamata ba. Sannan famfo in yana ja, yana janyo gurɓatar ne zuwa gare shi. Da yanzu ruwan nan yana cikin ƙuli-ƙulinmu, yana cikin kurar 'yan garuwa, yana cikin randunan gidajenku. Kwanon ruwan gwaggo ne Allah Ya sa ya tsare mu.

Ranar da takarda ta fito ba mu kwana da ita ba. Muka je wurin Mai Unguwa, muka tafi tare gidan gwaggo, muka gaya wa maigidan da 'ya'yansa. An rufe rijiyar. Ƙungiya tana biya musu kurar ruwa kullum daga asusun taimako, mun kuma raka matan gidan da yaran asibiti likita ya duba su. Mun rubuta wa ma'aikatar muhalli ta jiha. Don amfanin kowa, a matakin tarayya akwai NOSDRA da aka kafa a 2006 don lura da malalar mai, akwai NESREA ta 2007 mai kula da dokokin muhalli, akwai kuma NMDPRA da aka kafa a 2021, ita ke ba gidajen mai lasisi. Maganar wanda ya sayar mana kuwa tana hannun lauya da dattawa, ba za mu ce komai a kanta a nan ba.

Iyayenmu, 'yan'uwa, ga abin da za ku tafi da shi gida, ko da ba ku riƙe sauran ba. In rijiyarku tana kusa da gidan mai, sabo ko tsoho, ko garejin makanikai, ko inda 'yan bumburutu ke tara jarkoki, ku lura da ita. In kuka ji wari, ko kuka ga wani shuɗi-shuɗi mai ƙyalli a saman guga, ku daina sha, ku daina girki da shi. Kada ku ce za ku tafasa. Benzin yana riga ruwa tafasa, sai ya tashi ya cika ɗakin girki, mai girkin da ɗan da ke bayanta su shaƙa. Alif ba ya cire shi, maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa ma ba ya cire shi, kwana a randa ba tabbas ba ne. Gwaji ne kaɗai ke faɗin gaskiya. Ku kuma ja wa mazajenmu da samarinmu kunne: tsohon tankin mai ko babu ɗigo a ciki akwai tururi, mai walda ya kusance shi da wuta zai iya fashewa. 'Yan gwangwan sun riga sun zo taya namu, mun ce musu a'a.

Saura magana mai nauyi, wadda ba ta kwamiti ba ce, taku ce. Hanya uku ke gabanmu.

Ta farko, mu sayar. Wani dillali ya zo mana da tayi mai kyau, har da riba, ya ce mai sayen gidajen haya zai gina, sharaɗinsa kawai kada mu ɗaga maganar gwaji. Mun san akwai masu ganin a karɓa, kuma mun fahimce su. Kuɗin nan na zawarawa ne da masu marayu, wasu da adashi suka haɗa hannun jarinsu. Amma gidan haya rijiya zai haƙa, mata irinmu ne za su ja ruwan, 'ya'ya irin namu za su sha. Abin da aka yi mana muka ji zafi, shi za mu yi wa wasu? In za a sayar, to a sayar da takardar gwaji a sama, ko da farashin zai faɗi.

Ta biyu, mu bar shi a kulle mu jira. Ba za mu kashe ko kwabo ba, amma tankunan suna nan, ƙasar da ta sha mai tana nan tana tsiyaya, gurɓatar tana matsawa zuwa rijiya ta gaba.

Ta uku, mu riƙe filin mu gyara shi daki-daki. A kawo ƙwararru su tsotse abin da ya rage a tankunan, su wanke, su fitar da tururin, sannan a tono su. Ƙasar da ta sha mai a kwashe ta a shimfiɗa a kan tamfol, a gauraya da taki, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, don akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa da ke cin mai in sun sami iska da abinci. Wannan watanni yake ɗauka. Ƙasar lungun dalma a kankare a kai inda hukuma ta nuna. A gaban fili, inda gwaji ya nuna lafiya, mu gina shago da rumbun ajiyar gyaɗa, a dafe ƙasan da siminti, ruwan aiki mu riƙa saye daga waje. Burtsatse da lambu mu haƙura da su har sai gwaji ya wanke wurin. Wannan hanya tana nufin bana ba za a raba riba yadda aka saba ba, injin da muka ci buri kuma sai ya jira wata shekarar.

Kwamiti ya zauna, mun yi gardama har da hawaye, muka tsaya a kan ta uku. Amma shawara ce kawai muka kawo. A taron wata mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a, kowace mamba ƙuri'a ɗaya, mai hannun jari ɗaya da mai goma duk ɗaya suke. Ku je ku yi shawara da mazajenku da manyan 'ya'yanku, ku zo da tambayoyi, injiniyan ya yi alkawarin zuwa ya amsa da bakinsa. Wadda kuma take shakkar rijiyar gidanta ta ba Malama Sakatariya sunanta yau, don in muka haɗa samfuri da yawa kuɗin gwaji yana sauƙi.

Muna godiya ga Baba mai gadi da ya faɗi abin da ya sani, ga ɗanmu ɗalibi da ya tsayar da mu, ga Mai Unguwa da ya taka da ƙafarsa, ga kuma gwaggo, wadda take zaune can a sahun gaba. Gwaggo, sannu da haƙuri.

Shekara 10 da suka wuce da kwanon awo da asusun gwangwani aka fara ƙungiyar nan, abin da ya riƙe ta kuwa shi ne mutane sun yarda da abin da ya fito daga hannunmu. Mu duba wannan kafin mu ɗaga hannu ranar ƙuri'a.

Allah Ya ba mu ikon zaɓar abin da ya fi alheri, Ya tsare mana zuri'a.